Kimiyya a Ƙofar Gida: Batura biyu a shagon mai caji

Ranar Asabar aka ɗauke wuta a Unguwar Mu'azu, na kai wayata wurin mai caji. Ƙarƙashin teburinsa na ga baturan sola biyu. Tsohon sai ya yi nishi kafin ya motsa shi, sabon kuwa da hannu ɗaya ya ɗaga, alhali ya ce aikinsu kusan ɗaya ne. To, daga ina bambancin nauyin?

Ku buɗe jadawalin sinadarai na littafinku. Tsohon batirin dalma ce a ciki da ruwan batir, kuma dalma tana lamba 82. Sabon na litiyam ne, lamba 3, wanda babu ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi. Shi ya sa waya da mota mai lantarki suka rungume shi.

Amma litiyam ba ya aiki shi kaɗai. A batirin NMC ana haɗa shi da nikel da manganis da kobalt. Yana kai mota nesa, sai dai tsada, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kwango ake haƙo shi. A LFP kuwa abokansa ƙarfe ne da fosfet, dangin wanda ake takin zamani da shi. Ya fi arha, ya fi daɗewa, ba ya saurin kama wuta. Da irin zafin Afrilu a Kaduna, ni dai shi zan saya.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ana haƙar dutsen litiyam a yankin Birnin Gwari da jihar Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Mayun 2024. Amma galibi Sin ake kai shi, ya dawo mana a matsayin batiri da tsadar gaske. Abin da ke tsakanin dutsen da batirin shi ne kemistiri, darasin nan da wasunku ke zillewa.

Kada ku fasa tsohon batiri don sayar wa 'yan gwangwan. Dalma guba ce. Ita ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ta hanyar ƙurar dutsen zinare.

Aikin mako: ku duba jikin fitilar solar gidanku, ku aiko mana da sunan batirin da aka rubuta.