LAYINMU NA YELWA: A BAR MANA ZAURE DA DAKALI

Yau maganar layin da na tashi a cikinsa zan yi, a nan Yelwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don duk wanda ke zaune a unguwannin da aka gina wa mutanen da ruwa ya tasa zai ce ai da layinsu nake.

Da yawa cikin yaranmu ba su san cewa layin nan bai kai shekara sittin da kafuwa ba. An fara aikin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da aka toshe Kwara sai ruwa ya yi baya, ya cinye tsohuwar Bussa, ya cinye tsibiran Gungawa da dama, da fadamun da ake noman albasa da shinkafa, har da wani sashe na Yelwa ta bakin kogi. Mutum fiye da dubu 40 aka tasa daga gidajen iyayensu. Gwamnati ta gina musu wasu a tudu, na bulo da siminti, da rufin asbestos, a jere kamar an ja da igiya.

Kakata kan ce ranar da suka tare, ɗaki ya ƙi karɓar gadonta, kuma da rana ta take sai ka ce tanda. Amma mutanenmu ba su zauna suna kuka ba. Damina ɗaya, rani ɗaya, sai ga ɗakunan ƙasa a bayan na siminti, ga rumbu, ga turken awaki. Abin da kowane maigida ya fara ginawa kuwa shi ne zaure, sannan dakali a ƙofarsa. Wani ya dasa dogon yaro, wani mangwaro. Nan ne masunta ke zama suna ɗinkin koma da taru, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki, nan muka yi karatun dare da fitilar ƙwai. Gwamnati ta ba su gidaje, su suka mai da wurin unguwa.

To yanzu fa? Tun bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 gari ya ƙara cika, kuɗin haya ya tashi, sai aka gano cewa zaure ma kuɗi ne. A layinmu ana fasa bangonsa ta waje, a sa ƙofar ƙarfe, ya zama shago. Wannan na cajin waya, wancan injin niƙa, na gaba mai sayar da fetur a kwalba. Mai shago ya fito da rumfa ta hau kan kwata, maƙwabcinsa ya ga haka shi ma ya matso. Hanyar da amalanke biyu ke giftawa a da, yau in babur biyu suka haɗu sai ɗaya ya tsaya. Ruwan sama kuma ba ya neman izini, in ya rasa kwata sai ya shiga ɗaki.

Kada wani ya ce ina ƙin neman halal. Wallahi na san gidan da hayar shago ce ke biyan kuɗin makarantar marayu. Abin da nake cewa shi ne a yi shagon a gefe, a bar zauren. Gidan da ba zaure, baƙo a titi yake tsayawa yana kwaɗa sallama, matan gida kuma ba su da sutura daga idon mai wucewa. Dattijon da aka rushe masa dakali sai ya koma ɗaki, daga nan ba mai ƙara jin bakinsa. Da shi ne yaro ke jin kunyar yin ashar a layi.

(Af, masu rushe tsofaffin gidajen nan, a kula da rufin. Ƙurar asbestos tana lalata huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru yake bayyana. A jiƙa shi da ruwa kafin a sauke, kada a farfasa, kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.)

Mu mutanen ƙasar Yauri ai mun ga yadda gari ke tashi. Birnin Yauri ita ce fadar sarakunanmu kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yelwa a 1888. Je ka yau ka tsaya kan abin da ya rage na ganuwa, ka tambayi saurayi ina unguwar maƙera take a da, ka ji abin da zai ce maka. Tsohuwar Bussa kuwa ko ganuwar ba ka gani, tana ƙarƙashin ruwa.

Wanda yake da shekara 15 a 1968 yau ya haura saba'in. Su ne na ƙarshe da suka san gidan wane daga wane tsibiri ya taso, da wanda ya dasa wace bishiya. Don haka ga aikin hutu, ɗalibai. Kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a layinsu, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su gida-gida, daga bakin titi har ƙarshen layi: wa ya fara zama nan, daga ina ya zo, mece ce sana'arsa? A rubuta da ajami ko da boko, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi, a kawo ofishin makaranta ranar da aka dawo. Ni na riga na fara da namu, na kai gida na bakwai.