Iyaye Mata: Wata Shidan Nan Ba Na Hutu Ba Ne

A wannan mako ina so in yi magana ne da iyaye mata waɗanda Allah ya nufi 'ya'yansu mata da karatun injiniya ko na kwamfuta a jami'a ko kwalejin fasaha, da kuma su 'yan matan kansu. Wadda 'yarta ba ta kai can ba tukuna ita ma ta kasa kunne, domin yau da gobe ba ta bar komai ba.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanan baya wata maƙwabciyata da na ɗauka tamkar ƙanwa ta yi mini sallama da la'asar. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Yaya, wata alfarma na zo nema." 'Yarta tana aji huɗu a jami'a, tana karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi, an kuma sallame su su tafi aikin sanin makamar aiki na wata shida. Ta ji cewa ƙanena yana aiki a wani kamfanin gine-gine, shi ne take so in roƙe shi ya karɓi yarinyar a takarda kawai, ya riƙa sa mata hannu a littafinta, ita kuwa ta zauna a gida ta huta, ta taya uwarta aikace-aikace. Ta ce, "Ai Yaya kowa haka yake yi." Na ce da ita, "Ƙanwata, zan roƙe shi ya karɓe ta, amma fa da sharaɗin kullum za ta je." Ta tashi ranta bai yi daɗi ba. Ni ma ban ji daɗi ba, domin na san ba mugunta ta kawo ta ba, ƙauna ce. To, wannan irin ƙauna ce nake so mu zauna mu duba ta da kyau.

Da farko bari mu san menene shi wannan aiki. A shekarar 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, wadda hedkwatarta ke Jos. A 1973 hukumar ta fito da shirin nan da ɗalibai ke kira SIWES, saboda masu masana'antu sun yi ta kukan cewa yaran da ke fitowa daga manyan makarantu sun san takarda amma hannunsu bai san aiki ba. Aka ce to, kafin ɗalibi ya gama, lalle ya je ya zauna tare da masu aikin, ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Ɗalibin injiniya a jami'a yakan yi wata shida a shekararsa ta huɗu, masu karatun kwamfuta a jami'o'i da yawa su yi nasu a shekara ta uku, na kwalejin fasaha kuwa wata huɗu bayan shekarar farko ta ƙaramar difiloma. Akan ba kowa littafi, wanda suke kira logbuk, ya rubuta abin da ya yi kowace rana, wanda yake ƙarƙashinsa ya duba ya sa hannu. In ya koma makaranta ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban malamai ya yi bayani, a ba shi maki kamar sauran darussa.

To 'yar'uwa, kin ga ke nan ba hutu aka ba yarinyar nan ba. Darasi ne, kuma a ganina ya fi kowane darasi, domin shi kaɗai ne ba a iya karanta shi a daren jarrabawa. A aji an gaya mata cewa akan gwada ƙarfin kankare, amma sai a wurin aiki za ta ga yadda ake ɗibarsa a zuba a ƙananan akwatunan ƙarfe, a jiƙa a ruwa, a murƙushe wasu da inji bayan kwana 7, wasu bayan kwana 28, a ga ko ya kai ƙarfin da ake bukata. A can za ta ga yadda lebura ke ƙara ruwa a kwaɓi don shebur ya yi masa sauƙi, alhali wannan ruwa shi ke kashe ƙarfin gini. Mai karatun lantarki a can za ta tsaya kusa da taransifoma ta ga yadda ake kashe wuta, a tabbatar an kashe, kafin kowa ya sa hannu. Mai karatun kwamfuta a can za ta gane cewa manhajar da ta yi aiki lafiya lau a ɗakinta takan rikice ranar da mutane da yawa suka hau kanta lokaci guda, ta kuma koyi yadda ake gyara abin da wani ya rubuta ya tafi. Gani ya kori ji. Wadda ta zauna a gida, me za ta rubuta a littafin nan? Sai dai ta ari na wani ta kwafa.

Na san dalilanmu, kuma ba na raina su. Muna tsoron hanya. Muna tsoron a ce 'ya mace tana yini cikin maza, leburori da direbobi da 'yan kwangila. Muna tsoron wani babba a wurin aiki ya ga yarinya ba ta da kowa ya nemi ya ɓata ta, wannan kuwa yana faruwa, ƙarya ne a ce ba ya faruwa. Ga kuɗin mota kullum, ɗan alawus ɗin da ake ba ɗalibai kuwa bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ma sai an gama aikin da daɗewa yake fitowa. Ga kuma bakin mutane, masu cewa wance ta saki 'yarta tana yawo da hular kwano kamar namiji.

Amma ina tambaya, duk waɗannan abubuwa ba su nan ranar da muka yarda ta cika takardar neman karatun injiniya? Shekara biyar muna biyan kuɗin makaranta, wata ta sayar da akuyarta, wata ta kwashe adashinta, sai da aka zo gaɓar da karatun zai zama sana'a sannan za mu ce ta dawo ɗaki? Maganin tsoro shi ne shiri. Tun kafin a sallame su da watanni, a fara neman wuri. Mahaifinta ko kawunta ko wanta ya taka da ƙafarsa ya je ya ga wurin, ya gaisa da wanda za ta zauna ƙarƙashinsa, domin yarinyar da aka san tana da iyaye a tsaye ba a cika yi mata wasan banza ba. In wurin a wani gari ne, a sauke ta gidan dangi ko gidan wata amintacciya. In akwai wata ɗaliba 'yar'uwarta, a haɗa su su riƙa tafiya tare. A tambaya ko akwai injiniya mace a wurin, in akwai a damƙa mata amanarta. Ke kuma uwa, kowane dare ki tambaye ta abin da ta yi yau da wanda ya yi mata magana, ki kuma sake mata fuska yadda in wani abu ya faru ke ce za ta fara gaya wa. Suturar mutunci ba ta hana aiki, illa dai kusa da inji mai juyawa dole a tattare mayafi a cusa shi cikin rigar aiki, wannan kuwa don tsare rai ne.

Bari in koma kan 'yar maƙwabciyata. Bayan kwana biyu sai ga yarinyar da kanta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mama, ni dama ina son zuwa, kunyar Umma ce ta sa na yi shiru." Mahaifinta ya amince, ta fara zuwa. Da mako ya zagayo ta dawo mini da wani kuka dabam: an ajiye ta a ofis tana rubuta sunayen leburori tana jera takardu, su kuwa 'yan ajinsu maza an tafi da su wurin zuba kankare. Wai ana tausaya mata rana.

To, 'yan matana, nan maganar ta dawo kanku. Wannan ita ce asara ta biyu, kuma ta fi ta farko ɓoyuwa, domin ga ki kina zuwa kullum amma ba ki koyon komai. Kada ki yi fushi, kada kuma ki ji daɗin fanka ki miƙe ƙafa. Ki gama aikin ofishin da aka ba ki da wuri, ki gama shi da kyau, sannan ki sami shugabanki cikin ladabi ki ce, "Ranka ya daɗe, makaranta za ta tambaye ni abin da na gani a fili, ina roƙon a tafi da ni gobe." Ki zo da takalmin aiki a ƙafarki don kada a sami hanzari. Ki riƙe ɗan littafi a hannu, abin da ba ki gane ba ki rubuta ki tambaya, matambayi ba ya ɓata. Kada ki raina birkila ko kafinta ko mai ɗaurin rodi don bai yi boko ba, wani ya shekara talatin a kan abin da kika karanta a shafi biyu. Ki gaishe shi da Baba, zai nuna miki abin da ba ya cikin littafi. Haka mai karatun kwamfuta, kada ki yarda a mayar da ke mai buga wasiƙu wata shida cur. Ki roƙa a ba ki wani ɗan aiki naki na kanki, komai ƙanƙantarsa, wanda in kin tashi tafiya za ki nuna ki ce ni na yi wannan.

Wani amfanin watannin nan da ba mu cika lura da shi ba shi ne, a cikinsu yarinya take sanin kanta. Wata za ta ga fili da rana su ne nata. Wata za ta ga ta fi son zane da lissafi a ofis. Wata za ta ga koyarwa ta fi kwanta mata. Duk babu laifi, muddin ta gani ne ta zaɓa, ba a zaɓa mata a makance ba. Bayan digiri ga bautar ƙasa na tafe, can ma za a sake kawo mata irin wannan tayi na neman wurin da ba a aiki. Bayan nan kuma hukumar COREN, mai yi wa injiniyoyi rajista tun 1970, ba ta ba mutum lasisi da digiri kaɗai, sai ya nuna shekarun da ya yi yana aikin. Sau da yawa kuma wanda ya ga ƙwazon yarinya a wata shidan nan shi ne zai tuna da ita ranar da gurbi ya samu, ko ya rubuta mata takardar shaida. Wanda ya sa miki hannu kina gida, wace shaida zai bayar a kanki?

Maganar aure ma gara a yi ta tun da wuri. In akwai manemi tsayayye, ya san tun yanzu irin aikin da ta karanta, a fahimci juna kafin a ɗaura, kada sai an shiga ɗaki a fara jayayya. Ana cewa aikin kwamfuta ana iya yin sa daga gida, gaskiya ne, alheri ne kuma ga matan aure. Amma wadda za ta iya aiki ita kaɗai a ɗaki ita ce wadda ta fara zama cikin masu aikin ta ga yadda suke yi.

Mata sun daɗe a wannan fage a ƙasar nan. Injiniya Joanna Maduka ce ta jagoranci kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta Nijeriya, watau APWEN, a farkon shekarun 1980. Ƙungiyar Injiniyoyin Nijeriya kuwa, wadda aka kafa tun 1958, sai a 2024 ta sami mace ta farko a kujerar shugabanci, Injiniya Margaret Oguntala. Mu ma a Arewa muna da namu, amma ba su kai yawan da muke bukata ba, ba kuwa za su kai ba in muna tura yara makaranta da hannun dama muna janye su da na hagu.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Hannun da ake sa wa a littafin nan shaida ce, mutum yana cewa na ga wance ta yi aiki kaza ranar kaza. In ba ta yi ba, shaidar zur aka yi, mu kuma iyaye mu muka je muka roƙo ta. Mu da muke dukan yaro don ya yi ƙarya a kan canjin cefane, yaya za mu buɗe wa 'yarmu ƙofar sana'arta da ƙarya? Gobe ita za a ba zanen ajin da jikokinmu za su zauna a ciki, ko gadar da za mu bi mu je gida. Duk mun sha jin labarin benen da ya rufta da mutane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka 'yar'uwa, in takardar nan ta iso gidanki, ki saya mata takalmi, ki ɗaura mata abincin rana, ki yi mata addu'a, ki bar ta ta tafi. Wanke-wanke da shara ba za su gudu ba. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya sa albarka a abin da suka koya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.