Sharhi: Jami'a Ta Sauko Unguwa Kan Matsalar Shaye-shaye



Da wuya a yi taro a Abuja kan miyagun ƙwayoyi ba a ambaci binciken 2018 ba, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar CRISA ta Farfesa Isidore Obot da ke Uyo. Ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 na shaye-shaye, kusan miliyan 3 sun kai matakin da sai da magani, kuma cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce.

To, mun san yawansu. Amma uwar da ɗanta ya faɗa wa tiramol a Nyanya ko Dei-Dei, tambayarta daban ce: ina zan kai shi, in kuma an sallamo shi, me zai hana shi komawa ruwa? Masu jinya a asibitoci, da jami'an ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, kullum suna ganin wanda ya warke da wanda ya koma, sai dai aiki ya yi musu yawa, ba su da sararin rubutawa. Can kuwa a jami'a, ga ɗalibai na neman abin da za su yi nazari a kai, a ƙarshe kundin ya kwanta a kanta yana shan ƙura. Wannan asara ce babba.

An taɓa haɗa ilimin likita da zaman unguwa a ƙasar nan. A 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan uwansa mai kula da shi. Ya yi aiki da masu maganin gargajiya, ya kuma rubuta abin da ya gani. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Inda masana suka ja baya kuwa, iyaye gidan mari suke nufa. Ba mu manta da Rigasa ta Kaduna ba, inda a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ga jami'a a Gwagwalada, ga asibitin koyarwa. Su ƙulla yarjejeniya da cibiyoyin gyaran hali da ke Birnin Tarayya, a bi sawun duk wanda aka sallama har shekara guda, tare da rufa masa asiri. A binciko abin da ke hana mata zuwa neman magani, domin kunya da tsoron gori na kashe su a ɗaka. Sakamakon kuma a dawo da shi unguwa, da Hausa da Gwari, liman da mai unguwa su ji.

Asusun TETFund na ba jami'o'i kuɗin bincike. Muna kira gare shi da ya ware wa wannan aiki kasonsa, shugabannin jami'o'in Abuja kuma su fara da unguwar da ke bayan katangarsu.