Darasin Jajin Nana Asma'u

Jama'a, sau da yawa in aka yi zancen horar da mata don su shugabanci 'yan'uwansu a ƙauyuka da unguwanni, sai wasu su ɗaure fuska, wai baƙon abu ne. Alhali kuwa kakanninmu sun riga mu a wannan fage.

Mu dubi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864, Allah Ya jiƙanta. Mahaifinta, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ita kuma ta lura matan karkara ba su da halin barin ɗakunansu zuwa Sakkwato, sai ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Daga kowane gari akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta Jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle, alamar girma. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin da ta tsara kan tauhidi da salla da kyawawan halaye, su koma gida su koya wa matan aure. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Hikimar ita ce, ba a aika musu baƙuwa ba. 'Yar gari ita ta san harshensu da gidajensu da abin da ke damunsu, ita kuma maigida zai yarda ta shiga gidansa. Irin wannan tafarki ƙungiyar FOMWAN ta bi tun kafa ta a Minna a 1985, ta hanyar makarantu da asibitoci.

To, ina namu ƙoƙarin? Ɗan kasuwa zai iya ɗaukar nauyin malama guda, ya biya mata kuɗin karatu da na mota. Ma'aikaci, in an ce a kawo sunayen masu zuwa kwas na unguwarzoma ko yaƙi da jahilci, ya ji tsoron Allah, ya sa wadda ke zaune cikin jama'a tana yi musu hidima, ko da ba ta da kowa a ofis. Mu kuma magidanta, mu daina hana iyalinmu zuwa ɗaukar karatu, domin gidan da uwa ba ta san hukuncin tsarki ba, yaya 'ya'ya za su sani?

Allah Ya sa mu dace, amin.