A Raba Yaro Da Albarushi, A Haɗa Shi Da Lissafi

Ranar 4 ga watan Oktoba na shekarar 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba wani ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 83 da ƴan kai zuwa sararin samaniya, aka raɗa masa suna Sputnik. Cikin watannin da suka biyo baya sai wani irin zazzaɓi ya kama samarin Turai da na Amurka, kowane yaro mai kaifin kai yana so ya ƙera tasa rokar. Suka riƙa ɓuya a ɗakunan ajiya na gidajen iyayensu, suna ɗura kan ashana da albarushi cikin bututun ƙarfe. Abin da suke haɗawa nakiya ce, su kuwa ba su sani ba. Wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu ma rayukansu. Hukumomin waɗannan ƙasashe suka tsinci kansu gaban tambayar da kowane uba da kowane malami ya sani: a hana yaro abin da ya ɗauke masa hankali, ko a tsaya kansa a koya masa? Amsar da suka bayar ta isa magabatan ilimi na ƙasar nan su dube ta da idon basira, tun ba yau ba da duk saurayin da ke riƙe da wayar salula yana iya kallon tashin roka, ransa kuma ya biya ya gwada.

Kafin a kai ga amsar, ya kyautu a san abin da ake magana a kansa. Roka, wadda ake kira fusée da faransanci, ba ta da wani asiri da ya wuce wanda maharbi ya sani. Bindiga in ta tashi, harsashi ya yi gaba, gindinta kuwa ya tokari kafaɗar mai ita. Haka kuma mutumin da ke cikin kwalekwale bisa kogin Isa, in ya tara duwatsu yana jifa da su ta baya da ƙarfi, jirgin zai riƙa matsawa gaba ko da bai sa sandar tuƙi cikin ruwa ba. Masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1687: duk abin da ka tura, shi ma ya tura ka daidai gwargwado. Roka tana ƙona makamashi cikin wani ɗaki mai ƙunci, tururin wutar ya fice ta maƙogwaron da ke gindinta da gudun da ya kai kilometir 2 zuwa 4 cikin sakan guda, ita kuma ta yi gaba.

Mutane da yawa suna zaton wai wutar iska take tokara, ko kuwa ƙasa. Wannan kuskure ne, kuma manya sun yi shi. A watan Janairu na 1920 jaridar New York Times ta yi sharhi tana yi wa wani malamin jami'a mai suna Robert Goddard ba'a, don ya ce roka za ta iya tafiya inda babu iska. A ganin jaridar, ko ɗan lise ya san haka ba ta yiwuwa. Sai ranar 17 ga Yuli 1969, lokacin da ƴan sama-jannatin Apollo 11 suke kan hanyarsu ta zuwa wata, jaridar ta buga gyara. Shekara 49 ke nan tsakanin ɓatanci da wanke suna, mutumin kuwa ya riga ya kwanta dama tun 1945.

Wahalar roka a wani wuri take. Wuta ba ta ci sai da iskar oksijan. Mota da jirgin sama suna shaƙar tasu a hanya, amma roka tana zuwa inda ba a samunta, don haka tilas ta ɗauki guzurinta, kamar dai ayarin gishiri na Bilma da ke laftawa raƙuma ciyawa da ruwa kafin su shiga Tenere. Guzurin nan shi ne kusan dukan kayan: kashi 9 cikin 10 na nauyin babbar roka mai ne da oksijan. Kuma don abu ya tsaya yana zagaya duniya bai faɗo ba, sai ya yi gudun kilometir wajen 28,000 cikin awa guda, wato daga Yamai zuwa Damagaram cikin ƙasa da minti 2. Shi ya sa ake gina roka hawa-hawa: hawan ƙasa in mansa ya ƙare sai a yar da shi, na samansa ya kama da wuta, ya ci gaba da sauƙin kaya. Saturn V da ta kai mutane wata tana da tsawon metir 110, nauyinta ya kusa tan 3,000, amma abin da ya komo duniya daga cikinta wani ɗan ɗaki ne da mutum uku ke zama a takure.

Tarihin abin dogo ne, sai dai a taƙaita. Mutanen Sin ne suka gano albarushi, littattafansu kuma sun ambaci kiban wuta da aka yi amfani da su wajen kare birnin Kaifeng daga Mongolawa a 1232. A ƙarshen ƙarni na 18 dakarun Tipu Sultan na Mysore, cikin Indiya, suka gasa wa Ingilishi aya a hannu da rokoki masu jikin ƙarfe, Ingilishin suka kwashi samfuri suka kai gida suka kwaikwaya. Amma wanda ya fara zama da alƙalami ya lissafa yadda za a fita daga duniya da roka, ba janar ba ne. Konstantin Tsiolkovsky malamin makaranta ne a garin Kaluga na Rasha, mutum mai nauyin kunne tun yarinta, wanda ya koya wa kansa lissafi daga littattafai. A 1903 ya buga ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita har gobe. Goddard kuwa, ranar 16 ga Maris 1926, a wata gona ta jihar Massachusetts, ya harba roka ta farko mai amfani da mai na ruwa. Ta tashi metir 12 da rabi, ta yi sakan 2 da rabi a sama, ta faɗo. Gorar roba ta ƴan lakkol, wadda za a yi bayaninta nan gaba, tana wuce wannan tsawo.

Akwai baƙin shafi cikin wannan tarihi, kuma ɓoye wa yara shi rashin gaskiya ne. Rokar V-2 ta Jamus, wadda aka yi ta jefawa kan London da Anvers daga 1944, fursunoni aka tilasta wa ƙera ta cikin ramukan ƙarƙashin dutse, waɗanda suka mutu wajen ƙerawar kuwa sun fi waɗanda ta kashe yawa. Daga gare ta Amurka da Sobiyat suka ɗora. Faransa ta zo ta uku: ranar 26 ga Nuwamba 1965 rokarta Diamant ta kai tauraron ɗan Adam mai suna Astérix sama, daga Hammaguir, cikin Saharar Aljeriya. Hamadar da ta haɗa Nijar da maƙwabtanta na arewa ta ga tashin roka kafin Kourou ta gani.

To, yaya aka yi da samarin nan masu ɗura albarushi? A Amurka maganin ya fito daga wani mai sayar da takalma na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ke da izinin sarrafa kayan wasan wuta. A 1954 ya ƙera wani ɗan inji mai jikin takarda, kamar yatsa, wanda ake sa wa roka sau ɗaya a jefar. G. Harry Stine, wanda ya yi aikin kula da tsaro a filin gwajin rokoki na White Sands, ya ga amfaninsa, ya kafa ƙungiyar masu ƙananan rokoki a 1957, ya rubuta mata dokokin kiyaye lafiya. Vern Estes kuma ya ƙera na'urar da ke fitar da irin waɗannan injuna da yawa, kowane daidai da ɗan'uwansa. A Faransa hukuma ce ta shiga gaba. A 1962 aka haramta wa wanda ba ma'aikacin fannin ba haɗa makamashin roka, a shekarar nan kuma aka ɗora wa hukumar binciken sararin samaniya, CNES, nauyin kula da ƙungiyoyin matasa. Ƙungiyar da aka kafa domin haka ita ce ake kira Planète Sciences a yau. Yara su zana rokarsu, su gina ta, a duba ta, ranar harbi kuwa gwani ne ke sa mata inji da hannunsa.

Hikimar ke nan, kuma guda ce a ƙasashen biyu. An ɗauke wa yaro sashen da ke kisa, an bar masa sashen da ke buɗe kai. Haramci shi kaɗai da sai ya kora yaran cikin lungu, inda babba ba ya gani.

Sashen da aka bar wa yaron ba ƙarami ba ne. Ƙaramar roka bututun kwali ce, da hanci mai tsini, da fikafikai uku ko huɗu a gindi. Ba a sa mata ƙarfe a jiki. Ana kunna ta da lantarki daga nesa, ta hau bisa wani siririn sanda da ke saita ta har ta sami gudu. Inji ya ci wutarsa, ya ɗan dakata har rokar ta kai ƙololuwa, sannan wata ƴar fashewa ta ture hancin, lema ta buɗe, ta sauko a hankali a sake amfani da ita. Injunan suna da daraja da haruffa, A, B, C, kowane harafi ninkin na bayansa. Babban darasin kuwa yana wajen daidaito. Kibiya tana tafiya sak ne don ƙarfenta mai nauyi yana gaba, kyauro marar nauyi yana baya. Roka ma haka: wurin da nauyinta ya daidaita dole ya kasance gaban wurin da iska ke turinta, in ba haka ba ta yi ta wuntsila gudi-gudi, ta nufi inda ta ga dama. Gwajin ba ya cin ko dala. A ɗaura mata zare daidai inda ta tsaya kan yatsa ba ta rinjaya ba, a riƙa juya ta bisa kai kamar majajjawa; in hancinta ya bi gaba, ta yi, in ta juya gindi ko ta gicciye, sai a ƙara wa hanci nauyi ko a faɗaɗa fikafikai. Ƙidayar nan ta baya-baya ma, biyar, huɗu, uku, wadda aka aro daga wani fim na Jamus na 1929, tana da amfaninta: tana ba kowa lokacin ja da baya, tana ba malami lokacin cewa a dakata.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da ƙarancin azuzuwa da tebura ina ruwanta da roka. Tambaya ce mai nauyi, amma amsarta tana nan cikin Yamai. Cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari, tana aiki da hotunan taurarin ɗan Adam wajen bin sawun hadari, da ƙiyasin ruwan da ya sauka, da halin makiyaya. Taurarin Meteosat, da aka harba na farkonsu a 1977, suna tsaye kilometir wajen 36,000 bisa Afirka suna aiko hoto kowane ƴan mintoci. Manomin Dakwaro da ke jiran labarin damina a rediyo, da makiyayin Abalak, duk suna cin moriyar abin da roka ta ɗauka ta kai. Ba wanda ke cewa Nijar ta ƙera babbar roka gobe. Ana dai bukatar ƴaƴan ƙasa da suka san ƙa'idar abin, waɗanda za su karanta hotunan nan, su gyara na'urorin, su zauna teburin ciniki da masu sayar da su ba a yi musu rufa-ido ba. Irin waɗannan mutane daga aji ake fara su, kuma ɗalibin da ya haddace dokar Newton don jarrabawa kawai, ya kan manta ta kafin hutun damina ya ƙare.

Injunan albarushi na masana'anta ba su ne hanyar farawa a nan ba. Da tsada suke, shigo da su sai da izini, ƙasa kuma ta rumbuna da shibcin ciyawa ba ta son tartsatsi da rani. Ga kuma halin tsaro, wanda ya sa duk abin da ya yi kama da makami dole hukuma ta san da shi. Haɗa makamashi a gida kuwa, wannan a yi masa haramci ƙarara, iyaye da malamai da masu unguwa su sa ido. Hanyar da ta dace ita ce rokar ruwa. Gorar roba ta lemu mai gas, a zuba mata ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakinta, a kifa ta, a hura mata iska da famfon keke. In aka saki toshiyar, iska ta koro ruwan ƙasa, gorar ta yi sama metir gomiya da yawa. Ƙa'idar ita ce ta Saturn V, ruwan ne ya tsaya a matsayin tururin wuta. Ita ma tana da sharuɗɗanta: ba a yi da kwalba ko gwangwani, ba a yi da gorar da ta tsage ko ta sha rana, ba a leƙa ta bayan an fara hurawa, ana sakinta da igiya daga nesa, a fili mai nisa da wayoyin lantarki da hanyar mota, ranar da iskar hunturu ba ta kaɗawa.

Aikin yanzu yana wuyan makarantun horon malamai. Malamin da bai taɓa harba gora da hannunsa ba, ba zai yarda ya yi haka gaban yara 60 ba, kuma yana da gaskiya. Yini biyu sun isa a koya wa ɗaliban malanta ginin rokar da dokokinta, ma'aikatar ilimi kuma ta fitar da takardar ƙa'idoji guda, da faransanci da harsunan ƙasa, wadda za a liƙa a kowane kolej da gidan matasa. A cikin takardar a sa hanyar auna tsawo, don a nan lissafi ke shigowa: ɗalibi ya tsaya metir 30 daga wurin harbi, riƙe da ma'aunin kusurwa mai zare da ɗan dutse, ya saita rokar lokacin da ta kai ƙarshen hawanta. In kusurwar ta nuna digiri 45, kuma rokar ta tashi sak, to ta hau metir 30 bisa tsayin idonsa. Sai a sauya yawan ruwa, a sake harbawa, a rubuta sakamakon kowane gwaji a allo, ajin da kansa ya gano wane ma'auni ne ya fi kai ta sama.