Shekara 25 ɗin wa ake sayar mana?

A kasuwar Ƙonni, duk faifan sola da ka taɓa, mai shago zai ce shekara 25 zai yi. Idan gwanjo ne, wannan yaudara ce. Alkawarin na sabon faifai ne, kuma shi ma ƙarfinsa na raguwa kowace shekara. Ko na tashar Malbaza mai megawat 7, da aka ƙaddamar a 2018, suna tsufa. To ina ga wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Turai, ya zo ya tarar da zafinmu da ƙurar hunturu? Manomin albasar Galmi da ya ci bashi don ban-ruwa, shi ke kwana ciki. Jama'a, a auna muku faifan cikin rana, a rubuta muku garanti. In an ƙi, ku riƙe kuɗinku.