Zaren Ɗinki Ma Shaidar Tarihi Ne

Duk lokacin da aka tashi sake ɗinka tufafin magabata, ko don gidan adana kayan tarihi, ko don wasan kwaikwayo a dandamalin jami'a, ko don fim, hankalin masu aikin yakan tafi ga yadi da launi da fasalin ado. Zaren da za a haɗa tufar da shi kuwa, sai a aiki yaro kasuwa ya sayo wanda ya samu, galibi na roba, wato foliyesta. A ganina wannan sakaci yana ɓata aikin ta fuskar tarihi, yana kuma rage wa tufar kwana.

Mu ɗauki babbar riga ta Kano a tsakiyar ƙarni na 19. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga birnin a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan kasuwancinsa, ana kai tufafinsa har Tambutu da Tarabulus. Rigar wancan zamani daga hannun mata take farawa: su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, su fitar da zare mai murɗi da abawa mai kauri. Masaƙa su saƙa siri-siri, maɗinka su haɗa da allura. Aikin wuya da na aljihu, irin su aska biyu da aska takwas, ana yin sa da zaren auduga, ko da tsamiya, silikin da ake samu daga saƙar wata tsutsa bayan an dafa da toka, ko da alharinin da ayari ke kawowa ta hamada. Foliyesta kuwa sai a 1941 aka ƙirƙiro shi a Ingila. Ko zaren auduga mai sheƙi na kanti, dabarar ba shi wannan sheƙi ba ta samu ba sai wajen 1890. Wanda ya sa ɗayansu a rigar 1851 ya cusa wa mai kallo abin da zamanin bai sani ba.

Baya ga tarihi, yadin da kansa ba ya jituwa da baƙon zare. Turkuɗi irin na Kura sai an haɗa siraran saƙarsa ake kai shi marina, sannan a yi masa bugu da shuni. Baba ba ya kama foliyesta, saboda haka ɗinkin zai fito fari fat a tsakiyar baƙin yadi. Auduga tana shiga idan ta sha wanki, roba ba ta shiga, sai bakin ɗinki ya tattare. Mafi muni, zaren roba ya fi saƙar hannu ƙarfi, don haka idan aka ja rigar, yadin ne zai yage, zaren na nan daram. Zare idan ya tsinke a mayar da wani, amma yagaggiyar saƙa ba ta komawa yadda take.

Masu ƙorafi suna da hujja. Zaren kaɗi ya yi wuya, tsamiya ta yi tsada, kuma dukansu ba su jure gudun keken ɗinki. Amsar ita ce a bi mataki-mataki. Tufar da za a ajiye don nazari a ɗinka ta da zaren kaɗi, da hannu. Ta wasan kwaikwayo tana iya ɗaukar zaren auduga na kanti marar sheƙi a ɗinkin ciki. Tantancewa ba ta da wahala: a ƙona ɗan guntu, auduga za ta zama toka, siliki ya yi ƙaurin gashi, roba ta narke ta dunƙule.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu nazarin Hausa. Kalmomi irin su abawa da mazari da shiɓa suna rayuwa ne muddin akwai masu kaɗi, masu kaɗi kuma sai da masu saye. Ya kamata sassanmu su nemi izinin duba tsofaffin rigunan da ke gidajen sarauta da gidajen tarihi, su rubuta irin zaren kowacce da yanayin murɗinsa da sunan da maɗinka ke kiran sa. Duk tufar da aka sake ɗinkawa kuma, a bayyana a takardar bayaninta zaren da aka yi amfani da shi, domin ɗalibin da zai zo nan gaba ya san abin da ke na asali da abin da aka musanya.